Yadda Za Ka Tattara Tarihin Manyan Kantuna Daga Damagaram

Duk wanda ya yi niyyar rubuta tarihin manyan kantunan Nijar, idan ya tashi yana neman dogayen gine-gine irin Ado Bayero Mall da aka buɗe a Kano a 2014, zai ce Damagaram ba ta da abin ba da labari. A ganina wannan kuskure ne, domin tarihin kanti a nan tarihin hanyar da kaya suke biyowa ne, kuma hanyar ta sha sauyawa.

Ka fara da tsara zamunna a takarda kafin ka fita. Kafin Faransawa su kama garin a 1899, ayarin raƙuma ne suke kawo kaya daga Tarabulus ta Agadas su sauka a unguwar Zango, inda attajirai irin Malam Yaro suke da gidaje da rumbuna. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, sai fatauci ya juya kudu. Daga nan kamfanonin Turawa suka kafa kantuna: CFAO, wanda aka kafa a Marseille a 1887, da SCOA, da kuma CNF, reshen kamfanin UAC na Ingila. Bayan samun 'yancin kai, a 1962 gwamnati ta kafa SONARA don sayen gyaɗa, da Copro-Niger don shigo da kayan masarufi. Ka kuma riƙe 1926, shekarar da aka mai da babban birni daga Zinder, wato Damagaram, zuwa Yamai, domin ita ce ta share hanyar da manyan kantuna na zamani, irin su Score, suka fi zama can.

Abin da ya kamata ka fi daɗewa a kansa shi ne gyaɗa, saboda kantin kamfani ba wurin sayarwa kaɗai ba ne. Manomi yana kawo gyaɗarsa a ɗora a sikeli, a biya shi, sannan ya juya ya bar kuɗin a nan wajen sayen atamfa da alawayyo da sukari da kwanuka da fitila. Saboda haka idan ka zauna da dattijo, kada ka ce masa ya ba ka tarihin kanti, domin tambayar ta yi faɗi. Ka ce: "Baba, a ina kuke kai awo, kuma wa yake riƙe da sikeli?" Daga nan sunayen akawuna da dillalai da 'yan Labanan da suke tsakanin kamfani da ƙauye za su riƙa fitowa da kansu, har ya kai ka ga yadda farin 1973 da 1974 ya karya gyaɗa, alhazan gari kuma suka ci gaba da riƙe ciniki.

Dattawa ba su cika riƙe shekara ba, amma suna riƙe kuɗi, kuma da kuɗin za ka gane lokaci. Wanda ya ce ya saro kaya a Kano da fam da sule, mai yiwuwa maganarsa ta gabaci 1973, shekarar da naira ta fito. Wanda ya ce kaya sun ninka dare ɗaya, yana nufin karyewar darajar sefa a Janairun 1994. Ka kuma kula da dala: idan ya ce dala ashirin, faran 100 ke nan, kuma wanda ya rubuta 20 ya ɓata lissafi.

Kada ka tsaya kan maza kawai. Wata tsohuwa ta taɓa kife mini kwanon da aka yi mata jere da shi, fentinsa ya ɓare a baki, ta nuna mini tambarin da ke gindinsa, sannan ta faɗi kantin da mahaifinta ya saye shi da buhunan gyaɗar da ya sayar a shekarar. Irin wannan shaida ba a samunta a ofis.

Bayan hira, sai ka taka da ƙafa tsakanin unguwannin Birni da Zango da kewayen Kasuwar Dole, musamman ranar Alhamis da 'yan ƙauye suke shigowa, kana duba tsofaffin gine-gine masu ƙofofin ƙarfe da sauran rubutu a goshinsu. Ka nemi izinin mai wurin kafin ka ɗauki hoto. Takardu kuwa, akwai gidan ajiyar tarihi na ƙasa a Yamai da tsofaffin fitowar jaridar Le Sahel, sannan malaman tarihi na Jami'ar André Salifou ta Damagaram suna nan kusa. Duk labarin da ka ji daga baki ɗaya, ka ajiye shi gefe har ka sami na biyu, kuma ka rubuta ranar hira da unguwar da aka yi ta a saman kowane shafi.