Yadda Ake Aika Fayil Ta Soket Ya Isa Cikakke

Wanda ya fara rubuta manhajar da za ta aika fayil daga wata kwamfuta zuwa wata ta soket, wato ƙofar da manhaja ke aikawa da karɓar bayanai ta cikinta, yakan ɗauka cewa idan ya kira send (umarnin turawa) sau ɗaya a nan, to kiran recv (umarnin karɓa) sau ɗaya a can zai kawo masa fayil ɗin cif. Da ƙaramin fayil a kan kwamfuta guda hakan yakan yi aiki, kuma abin da ke ruɗar mutane ke nan, domin ranar da aka aika babban bidiyo ta intanet sai a tarar wani yanki ne kawai ya iso. Dalilin kuwa shi ne ƙa'idar TCP da kwamfutoci ke bi wajen musayar bayanai, wadda aka fitar da cikakken bayaninta a 1981, tana ɗaukar bayanai ne kamar ruwa a cikin bututu. Tana tabbatar da cewa kowane bayit, wato ƙaramin ma'aunin bayanai a kwamfuta, ya isa bisa jerin da aka aiko shi, amma ba ta san inda fayil ya fara ko inda ya ƙare ba. Shata wannan iyaka aikin mai shirya manhaja ne.

Saboda haka, kafin a aika ko da bayit ɗaya na fayil, a fara sanar da mai karɓa girmansa. A ware bayit 8 domin wannan adadi, a jera su da bayit mafi girman daraja a gaba kamar yadda aka saba a harkar sadarwa, wanda a harshen shirya manhaja na Python ake yi da struct.pack tare da alamar "!Q". Wasu sukan yi tsimi su yi amfani da bayit 4, amma iyakar abin da bayit 4 ke iya ƙirgawa shi ne 4,294,967,295, wato kimanin gigabayit 4, kuma a ganina wannan tsimi ba shi da riba ko kaɗan. Idan ana son sunan fayil ya tafi tare, sai a aika tsawon sunan tukuna, sannan sunan da kansa a tsarin UTF-8 na mayar da haruffa bayit.

Daga nan a buɗe fayil ɗin da "rb" domin a karanta shi bayit-bayit yadda yake, tun da buɗe shi a matsayin rubutu yana iya sauya alamomin ƙarshen layi ya lalata hoto ko sauti. Kada a kwashe shi gaba ɗaya a zuba a ƙwaƙwalwar kwamfuta. A riƙa gutsuro bayit 65,536 ana turawa har ya ƙare. A lura cewa send ba ya alkawarin tura duk abin da aka ba shi, yana dai faɗin adadin da ya samu damar turawa, don haka a Python a yi amfani da sendall wanda ke ci gaba da turawa har komai ya tafi, a harshen C kuwa dole a yi ta maimaita kiran har sai babu saura.

Ɓangaren mai karɓa shi ne ya fi bukatar natsuwa. Ya karanta bayit 8 na farko, kuma ko su ɗin ma suna iya zuwa kashi biyu, saboda haka ya ci gaba da kiran recv har su cika. Bayan ya san girman, sai ya riƙe lissafin abin da ya rage, kuma a kowane kira kada ya nemi fiye da wannan ragowar, domin in ya zarce zai haɗiye farkon saƙon da ke biye. Idan recv ya dawo babu komai, ma'anarsa ɗaya ɓangaren ya rufe haɗin, kuma in hakan ta faru kafin lissafi ya cika, to fayil ɗin guntu ne, wajibi ne manhaja ta bayyana kuskure. A kuma sa wa soket wa'adi da settimeout, don kada manhaja ta zauna jiran kwamfutar da ta riga ta mutu.

Ina ba da shawara a riƙa rubuta abin da ke isowa a ƙarƙashin suna na wucin gadi. Mai aikawa ya lissafa SHA-256 na fayil ɗin, wato hatimin lissafi da ke sauyawa idan fayil ya sauya, wanda tsawonsa bayit 32 ne, ya turo shi a ƙarshe, mai karɓa kuma ya lissafa nasa ya gwada. Sai sun yi daidai za a mayar wa fayil sunansa na gaskiya da os.replace.

Sunan da ya zo daga waje ba abin yarda ba ne, domin mugu yana iya cusa "../" a cikinsa, wato alamar fita zuwa folda ta sama, ya sa a rubuta fayil a wurin da bai kamata ba. A tsame ainihin sunan kaɗai, a ƙayyade iyakar girman da za a karɓa, sannan a lulluɓe haɗin da TLS, tsarin ɓoye bayanai, muddin zai bi ta intanet, tun da TCP ba ta ɓoye abin da take ɗauke da shi.

Wajen gwaji, a aika fayil marar komai a ciki, a aika wanda ya haura gigabayit 4, a aika biyu a jere ta haɗi ɗaya, sannan a katse haɗin ana tsakiyar aiki a duba ko manhajar ta share guntun da ta fara rubutawa.