Cutar da sanyi ke dunƙule jini: yadda ake gano ta da magance ta

Likitoci na kiranta kol aglutinin. Garkuwar jiki ce ke ƙera wani furotin mai suna IgM, wanda ke manne wa jajayen ƙwayoyin jini idan jiki ya yi sanyi, ya dunƙule su, daga baya hanta ta lalata su. A Kumasi da wuya a zarge ta, domin ana ganin garin zafi ne. Amma asubahin hunturu, ɗakin na'urar sanyaya iska da sana'ar ƙanƙara ko daskararren kifi sun isa su tayar da ita.

Mai ita yana fama da kasala da haki, idanu su yi rawaya, fitsari ya yi duhu, yatsu da kunnuwa su yi shuɗi-shuɗi a sanyi. A fara duba maleriya, sikila da ƙarancin G6PD (sinadarin da ke kare jajayen ƙwayoyin jini), domin su ma suna kawo irin waɗannan alamu. In ba su ba ne, a nemi sashen cututtukan jini a asibitin koyarwa na Komfo Anokye da ke Kumasi.

Wajen ɗibar jini ake yawan kuskure. A ɗumama kwalbar, a riƙe jinin a digiri 37 har a raba ruwansa da ƙwayoyinsa. In ya huce a hanya, furotin ɗin zai manne wa ƙwayoyin, gwajin ya nuna kaɗan ne alhali yana da yawa. Injin ƙirga ƙwayoyin jini kuma yana ɗaukar dunƙule a matsayin ƙwaya ɗaya, sai ma'aunin girman ƙwayar (MCV) da na kaurin jan sinadarin cikinta (MCHC) su hau fiye da kima. Gwajin Kumbs (mai gano abin da ya manne wa jajayen ƙwayoyin) da ya nuna wani furotin mai suna C3d, tare da ma'aunin IgM ɗin 1:64 ko sama a digiri 4, su ke tabbatar da ita. A binciki ɓargo da ciwon huhu na ƙwayar cutar maikofilasma, domin kol aglutinin da ta biyo bayan wannan ciwon huhun takan wuce da kanta cikin makonni.

A yi alwala da ruwan ɗumi, a sa safa, a bar shan ruwan ƙanƙara. Ana ba da folik asid. Idan za a ƙara jini ko ruwa, dole a bi ta na'urar ɗumamawa. Firednisolon, maganin da ke danne garkuwar jiki, ba ya yin aikin kirki a nan, cire saifa ma haka, tunda a hanta ɓarnar take. Wanda jininsa ke ta sauka ana yi masa allurar rituksimab, miligiram 375 bisa kowace murabba'in mita ta faɗin jiki, sau ɗaya a mako har mako 4, kusan rabin masu cutar kan samu sauƙi. Kafin allurar farko a gwada ciwon hanta nau'in B, domin maganin na iya farfaɗo da shi.