Abin da za ka yi idan aka hana ka hayar gida a Amurka saboda addininka ko asalinka

A Amurka da wuya mai gida ya fito fili ya ce ba ya ba Musulmi ko ɗan Afirka haya. Yadda abin yake faruwa shi ne, a waya zai ce gidan yana nan, ka zo ka duba. Kana isa ya ga hularka ko hijabin matarka, sai ya ce ai jiya aka ba wani. Wani kuma da ya ji kana da yara huɗu, nan take kuɗin ajiya zai ninka.

Dokar da ta haramta wannan ita ce dokar adalci kan gidaje, wadda Shugaba Lyndon Johnson ya sa wa hannu ranar 11 ga Afrilun 1968, mako guda bayan kisan Martin Luther King. Ta hana nuna bambanci saboda launin fata, ƙabila, addini, ƙasar asali, jinsi, nakasa, da kuma samun yara 'yan ƙasa da shekara 18 a gidan. Biyun ƙarshen a 1988 aka ƙara su, kuma mace mai juna biyu tana ciki.

Ƙarar irin wannan a kan shaida take tsayawa, kuma a ranar ake tattara shaidar. Kafin ka tafi duba gida, ka ɗauki hoton tallar da wayarka, da adireshi da kuɗin hayar. Bayan an hana ka, ka rubuta rana, lokaci, sunan wanda ka yi magana da shi, da kalmomin da ya faɗa daidai. Ka aika masa saƙon tes ko imel kana tambayar dalili, domin amsar rubutu ta fi ta baki nauyi. Bayan kwana uku ka sake duba tallar. Idan har yanzu ana neman ɗan haya, ka ɗauki hotonta. Ƙungiyoyin kare haƙƙin gidaje ma suna tura mutum biyu masu albashi iri ɗaya, ɗaya Bature ɗaya baƙar fata, su ga wa za a ce wa gidan ya tafi.

Sai ka kai ƙorafi ma'aikatar gidaje ta tarayya, HUD, ta intanet ko ta lambar 1-800-669-9777. Kyauta ne, kuma ba sai da lauya ba. Wa'adinka shekara ɗaya ne daga ranar da abin ya faru. Kotun tarayya kuwa tana karɓa har shekara biyu. Mazauna New York, irin 'yan'uwanmu na Bronx, suna iya kiran 311 su nemi hukumar kare haƙƙin ɗan'adam ta birnin, wadda dokarta ta fi ta tarayya faɗi: ta hana ƙin mutum saboda takardar tallafin haya ta Section 8.

Ba kowace hanawa ce wariya ba. Idan mai gida yana neman albashin shekara ya kai hayar wata sau 40, kamar yadda aka saba a New York, yana da iko, matuƙar kowa yake yi wa wannan sharaɗi. Haka kuma mai gidan da yake zaune a gininsa mai gidaje huɗu ko ƙasa da haka, dokar tarayya ta sassauta masa, amma ba ta yarda ya rubuta "ba ma son masu yara" a talla ba, kuma wata doka ta 1866 ta hana shi wariyar launin fata ko ta halin ƙaƙa. Idan kana cikin gidan kuma ya yi barazanar korarka don ka kai ƙara, wannan ma laifi ne daban, ka haɗa shi cikin ƙorafin.