Yadda na haɗa wa 'yata kayan 'yar ruwa

Saura kwana uku a yi walimar ƙawarta, ƙaramar 'yata ta ce ita shigar 'yar ruwa za ta yi, wato rabi mutum rabi kifi. Na ce to, na ɗauko keken ɗinki. Na farkon da na ɗinka na matse shi har idon sawu don ya yi kama da jelar kifi sosai. Taku biyu ta yi ta kife. Don haka ki riƙe wannan tun yanzu: matsewar ta tsaya a gwiwa.

Ki auna kugu, kwankwaso, da tsawon kugu zuwa gwiwa. Ki samu yadi mai miƙewa, kore ko shuɗi. Yadi ɗaya ya ishi yarinya 'yar shekara 7. Ki ninka shi biyu, ki zana siket da alli, ki bar inci 1 na ɗinki a kowane gefe, sannan ki yanke. Ki ɗinke gefunan ta ciki da ɗinkin zigzag, domin miƙaƙƙen ɗinki tsinkewa yake yi idan yadin ya miƙe. A sama ki naɗe baki ki zura roba.

Jelar kuwa da net ake yin ta. Ki yayyanka shi dogo-dogo, daga gwiwa zuwa ɗan sama da idon sawu, ki yi masa tattara, ki ɗinke a bakin siket ɗin. Ki sa kala biyu ko uku a jere, mai duhu a ciki, mai haske a waje. Kada ki yi rowar net, yawansa ne ke sa jelar ta baje. Ni na bar bayan ya ɗan fi gaban tsawo, amma bai taɓa ƙasa ba, saboda yara takewa za su yi.

Ɓawon kifin ne ya cinye min dare guda. Na yanka ƙyallaye rabin da'ira fiye da ɗari, na fara liƙawa daga ƙasa zuwa sama, kowane layi yana rufe kan na ƙarƙashinsa. Ya yi kyau, amma siket ɗin ya yi nauyi, kuma ya daina miƙewa. Da na sani, da hanya mai sauƙi na bi: ki sa kwali a cikin siket ɗin, ki shimfiɗa raga mai manyan idanu a kai, ki dangwali fentin yadi da soso ki riƙa dannawa a hankali. Kina ɗage ragar za ki ga zanen ɓawo ya fito. Ki bar shi ya kwana ya bushe.

Rigar sama ba ta buƙatar wahala. Duk wata riga mai kama jiki ta yi, ki ɗan ɗinka mata duwatsu masu ƙyalli a wuya. Kambi kuma, abin riƙe gashi na roba na samu na liƙa masa ƙwanson kodi da 'yan tsakiya. Gam mai zafi ki riƙe shi da kanki, ni har yau akwai tabonsa a ɗan yatsana.

Kafin ranar, ki sa mata kayan ta yi tafiya, ta zauna, ta hau matakala, ta gwada cirewa da kanta saboda shiga banɗaki. A nan ne na gano robar kugun tawa ta yi sako-sako, na rage inci 2.