Yadda za ka sa jarumin katun ya yi tsalle a takarda

Jaruman katun da muka taso muna kallo, sauƙin siffarsu na cikin abin da ya sa har yau ba su fita daga ranmu ba: kai zagayayye, 'yan layuka, yatsu huɗu a hannu. Da gangan aka yi haka, domin jarumi ɗaya sai an zana shi sau dubbai. Fim yana nuna hoto 24 a daƙiƙa, masu katun na hannu kuwa sukan yi zane 12, kowanne ya fito sau biyu. Kai ma za ka iya, da ɗan littafin da ake sakin shafukansa da babban yatsa, irin wanda wani ɗan Birtaniya, John Barnes Linnett, ya yi wa rajistar ƙirƙira a 1868.

Yanka farar takarda marar kauri guda 24, kowacce santimita 7 da 12, ka sa musu lamba. Nemi fensir, baƙin biro da abin matse takardu.

Kada ka bi shafuka a jere. Fara da manyan tsayuwa: shafi na 1 yana tsaye, na 5 ya durƙusa, na 8 ya miƙe zai tashi, na 13 yana can sama, na 19 ya diro ya takure, na 24 ya koma tsaye. Daga nan ka cike tsakani, kana ɗora sabuwar takarda a kan ta baya a jikin gilashin taga don ka hango zanen ƙasa. Tazara ita ce ran aikin. Zanen da suka matso juna suna ba da motsi a hankali, masu nisa suna ba da gudu. Saboda haka ka cunkusa su a ƙololuwar tsallen, ka buɗa su wajen faɗowa. Idan ka raba tazarar daidai wa daida, jarumin zai riƙa shawagi ba nauyi.

Inda aka fi samun matsala shi ne kan jarumin: yana girma shafi bayan shafi ba ka ankara ba. Kwafi da'irar kan daga shafi na 1 kullum, haka ma layin ƙasa. In jiki ya miƙe, ya sirance. In ya takure, ya yi faɗi.

Kada ka bi da biro sai ka gwada da fensir tukuna. Jera takardun, na 1 a ƙasa, zanen yana kusa da bakin da yatsa zai saka. Buga wannan bakin a tebur ya daidaita kafin ka matse ɗaya gefen, in ba haka ba shafuka za su riƙa zubowa bibbiyu, tsallen ya yanke.