Yadda za ku yi jinyar tsohon ɗan ƙwallo in ya dawo gida da ciwon da ba ya warkewa

A ƙauyenmu nan gefen Birnin Kudu akwai wani yayanmu da ya yi shekaru yana buga ƙwallo a birni, ya samu kuɗi ya kashe, ya yi rigima da koci aka sallame shi, ya koma wani kulob ɗin can ma bai zauna ba, ƙarshe dai a mota aka kawo shi gida ƙafa ta daina ɗaukarsa, harshe ya fara nauyi. Mu muka yi jinyarsa, shi ya sa nake so in faɗa muku abin da muka koya.

Abu na farko dan Allah a kai shi babban asibiti a san sunan ciwon, ko na Malam Aminu Kano ko na tarayya da ke Birnin Kudu, kafin a fara sayar da awaki ana kai wa masu cewa jifa aka yi masa ko abokan wasa ne suka yi masa sammu. Addu'a da tofi kam a yi ta yi, amma kuɗin nan za ku neme shi nan gaba. Namu likita ya ce jijiyoyin da ke motsa gaɓɓai ne ke mutuwa a hankali, irin ciwon da ya kama Fernando Ricksen ɗan Holan da ya buga wa Rangers da Zenit, shi ma ya sha fama da giya da rigima lokacin yana tashe, aka gano ciwon a 2013, ya rasu a 2019 yana da shekara 43. A ƙarshe da ido yake sarrafa kwamfuta tana magana a madadinsa.

Toh a nan ne mutane ke kuskure wallahi. Jiki ne ya mutu, amma mafi yawanci hankalinsa garau yake, yana jin komai. Kar ku zauna a kansa kuna cewa ai da ya yi tanadi da bai zama haka ba, ko ina kuɗin da ya samu, yana ji, kuma ba shi da bakin ramawa. In kun shigo ku gaishe shi shi da kansa, Yaya ina kwana, ya jiki, ku jira amsa ko za ta daɗe. In magana ta ɗauke ku yi yarjejeniya da shi, ƙifta ido sau ɗaya eh, sau biyu a'a.

Sai juyi. Duk bayan awa biyu a juya shi, dama, hagu, rigingine, har da dare, a raba kwana tsakanin 'yan'uwa kar a bar wa matarsa ko Inna ita kaɗai. A duba ƙugu da duga-dugai da kafaɗa, in wuri ya yi ja ko ya yi duhu to gyambon kwanciya ne ke tafe. Katifa mai laushi, zani busasshe kullum.

Abinci kuma kar a taɓa ba shi a kwance. A jingina shi ya zauna sosai, kunun gyaɗa mai kauri ko fate mai laushi, cokali kaɗan kaɗan, ruwa tsararo shi ya fi sa shi ƙwarewa, kuma abin da ya bi ta maƙogwaron iska huhu yake tafiya ya zama nimoniya. In ya gama a bar shi zaune kamar rabin awa.

Maganar kuɗi, ku haɗa wasa a filin firamare ranar kasuwa, a sanar a masallaci, a zagaya da kwano, a rubuta abin da aka samu a gaban mai unguwa da liman. Keken guragu muka fara saya da namu. A kira tsofaffin abokan wasansa a waya, wasu za su turo wasu ba za su ɗauka ba, kar a gaya masa waɗanda ba su ɗauka ba. Tun yana iya magana liman ya zauna da shi a rubuta bashin da ake binsa da wasiyyarsa.

Kuma kar ku raba shi da ƙwallo. Ni har yau mutuwar Rashidi Yekini a 2012 tana min ciwo, mutumin da ya ci wa Najeriya ƙwallonta ta farko a kofin duniya a 1994 amma ya ƙare rayuwa a kaɗaice a Ibadan. Mu duk ranar da Kano Pillars ke wasa rediyo muke kai wa Yaya gefen filo, da la'asar kuma mu tura shi a keke zuwa bakin fili gindin darbejiya, yara na atisaye yana bin ƙwallo da ido, in wani ya ba da fasin banza sai ka ga ya runtse ido sau biyu.