Yadda za ka zana Kogin Binuwai da ka, har da jihohinsa

Ina koyar da labarin ƙasa a wata sakandare a cikin birnin Kano, kuma ban yarda ɗalibi ya haddace min jerin sunayen koguna ba. Ka iya zana kogin tukuna, jihohin za su zo da kansu.

Samu fensir da farar takarda, ka kwantar da ita. A gefen dama, wato gabas, ja layin iyakar Kamaru. Can bayan layin, a tuddan Adamawa na ƙasar Kamaru, Binuwai ya ɓuɓɓugo. Daga nan ya nufi arewa, ya karyo yamma ta Garwa, ya shigo Najeriya gabas da Yola. Sai ka gangaro da shi kudu maso yamma har Lakwaja, inda yake zubawa a Kogin Kwara. Tsawonsa kimanin kilomita 1,400, kuma duk cikin masu zuba wa Kwara ruwa babu kamarsa. Kafin Garwa ka sa ɗan murabba'i, madatsar ruwa ta Lagdo ke nan, wadda aka kammala a 1982. Ita ce kake ji a rediyo duk damina in an ce za a saki ruwa. Ambaliyar 2012 da ita a ciki.

Yanzu ɗiga garuruwa bi da bi: Yola, Numan, Ibi, Makurɗi, Lakwaja. Kada ka ɗora Jalingo ko Lafiya a bakin kogin, ba a nan suke ba.

Inda yara suke zubar da maki shi ne wajen kogunan da ke shigowa. Ɗauka kana cikin kwalekwale, ruwa na tafiya da kai Lakwaja. Hannunka na dama arewa ne, kuma babba ɗaya za ka zana a wajen, Gongola. Shi kuwa sai ka kula da shi: daga tuddan Jos ya taso, ya miƙa arewa maso gabas kamar mai niyyar Tafkin Chadi, sannan ya lanƙwaso kudu ta Dadin Kowa da Kiri, ya faɗa Binuwai a Numan. Duk wanda ya ja shi a miƙe na san bai taɓa kallon taswira ba. A hagu kuma Faro ne kusa da iyaka, sai Taraba, sai Donga kafin Ibi, sai Katsina-Ala kafin Makurɗi (ba ruwansa da Katsinar Dikko, daga tsaunukan Bamenda na Kamaru ya fito). Sun fi yawa a hagu ne domin tsaunukan kan iyakar Kamaru, irin su Mambila, sun fi samun ruwan sama.

To, sai jihohi. Yola da Numan na Adamawa, Ibi na Taraba. A da Adamawa da Taraba jiha ɗaya ce mai suna Gongola, aka raba ta a 1991. Makurɗi hedikwatar Binuwai ce, jihar da aka kafa a 1976. In ka wuce Makurɗi, kogin ya zama iyaka: Nasarawa a arewa, Binuwai sannan Kogi a kudu. Yi musu launi daban-daban, amma kada launin ya rufe layin ruwan.

Ina kuma sa ɗalibaina su rubuta amfanin gona a gefe, don abin ya zauna musu. Lemon da tireloli ke saukewa a 'Yan Lemo da yawansa daga jihar Binuwai yake, doya kuwa kowa ya san kasuwar Zaki Biam.

Wani zai ce, "Malam, namu fa?" Kogin Kano da Challawa ba sa zuwa Binuwai. Suna haɗuwa su zama Kogin Haɗeja, ruwan ya bi ta Komadugu Yobe ya nufi Tafkin Chadi. Wannan sai a wata takardar daban. Wadda ka gama, kife ta, ka ɗauki sabuwa ka sake zanawa ba tare da ka leƙa ba.